Na daina iya kallon fuskata in ba da filta ba, waya ce ta jawo ko ciwo ne?

Maman Walid, Makka

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina son yin tambayar nan kunya na hana ni, yau dai nace bari in rubuta tunda ba wanda ya san fuskata a nan. Shekarata 34, haihuwar Makka ce ni, wajen Shari Mansur na tashi, yarana uku, ƙaramin watansa 14. Maigidana direba ne, dawam ɗinsa, wato lokacin aikinsa, ba kai ba gindi, lokacin Umara kuwa sai bayan asuba nake ganinsa, to kun ga daga ni sai yara a ɗaki biyu, sai kuma jawwal, wato waya.

Da goyon nan na ƙarshe abin ya faro. In na tashi ba shi nono cikin dare sai in buɗe Snapchat don kar barci ya kwashe ni, yaro ya ƙoshi ya koma barcinsa ni kuwa ina nan ina ja ina ja, daga wannan amarya zuwa waccan mai tallan abaya daga nan in faɗa TikTok, wallahi sai dai in ji kiran assalatu. Rannan babban ɗana ya nuna min inda waya take ƙirga lokacin da mutum ya ɓata a kanta, awa 9 da minti 40 a rana, nace ƙarya ne, yace Mama ai waya ba ta ƙarya.

Amma ba lokacin ne ma ya fi damuna ba. Na kai ga ba na iya kallon fuskata in ba da filta ba. Ko ƙanwar mahaifiyata ta Kano ce ta kira ni bidiyo ba na ɗagawa, sai ta katse in ɗau hoto da filta in tura mata ince netwok ne. Madubin bayi tawul na rataya masa. Watan jiya aka yi bikin ƙanwar maigidana, na biya riyal 400 a mashgal, wato shagon kwalliyar mata, na ɗaure cikina da korse har numfashi na yi min wuya, na ɗau hoto a mota na ga ai na fito, muna shiga wurin biki na cire abaya sai facalata ta dube ni sama da ƙasa tace "Maman Walid ashe haka kika buɗe, mu da muke ganinki a sinap kamar budurwa", aka kwashe da dariya, nima na yi yaƙe. Daga nan bayi na shige na kulle, na fi awa ɗaya a ciki ina kuka, ban ga shigowar amarya ba, ko ruwa ban sha ba.

Yau kusan wata biyar kenan ba na jin daɗin komai. Girki ya zame min kamar dakan dutse, wanka ma sai na yi da gaske, yara suna min magana in daka musu tsawa in koma ina kuka. Haramin da mutane suke sayar da gona su zo su gani, ni bas ɗaya ce tsakanina da shi, rabona da shi wata huɗu. Na sayi haɗin man hasken fatar nan da ake cewa halɗa riyal 250 wajen wata a sinap, na yi haske kam amma zuciyata tana nan baƙi ƙirin.

Abin da ya sa na rubuto, shekaranjiya ƴata mai shekara 9 ta ɗauki wayata tace Mama sa min wanda yake rage hanci, nawa irin naki ne. Daren nan ban runtsa ba.

Dan Allah wanda ya sani ya faɗa min, waya ce ta jawo min wannan, in na goge komai zan dawo daidai? Ko ciwo ne? Ko kambun baka ne kamar yadda surukata take cewa?

Abu Huzaifa

Wa alaikumus salam. Ƴar'uwa ki ji tsoron Allah, wannan ba ciwo ba ne, sakaci da azkar ne da ƙarancin godiya. Annabi (SAW) ya ce mu dubi wanda yake ƙasa da mu, kar mu dubi na sama da mu, don kar mu raina ni'imar da Allah ya yi mana. Ke kuma kin wuni kin kwana kina kallon na sama. Ki goge Snapchat da TikTok yau ɗin nan, ki riƙe azkar na safe da yamma da Suratul Baƙara, halas.

Inna Mai Lalle, Jidda

Haba Malam, mace tazo da ciwonta tana kuka kai kuma ka ɗauko bulala. Hadisin gaskiya ne ba wanda ya isa ya ja, amma ai ba a haka ake ba marar lafiya magani.

Ƴata zo nan kiji. Shekara 17 kenan ina aikin mashgal, daga lalle na fara har na koma kwalliyar amare, kuma wlh matan nan da kike kwana kina kallo wasunsu a kujerata suke zama, na ga fuskarsu da safe kafin in taɓa ta. Ƙuraje, tabo, baƙin ƙasan ido, nankarwa a ciki da cinya, duk abin da kike da shi suna da shi. Awa biyu nake yi a kan fuska ɗaya, in zana hanci da hoda mai duhu gefe da gefe in haska tsakiya, in manna gashin ido, wata ma har salatif ake ja mata ta bayan kunne a ɓoye cikin gashi don fatar ta ɗame. Sannan a kunna fitilar nan mai zobe, a ɗau hoto ya fi hamsin, ta zauna tana gogewa tana tsaki har ta zaɓi ɗaya, shi ma ɗayan sai ta ɗora masa filta. Jakar da take riƙe da ita wani lokacin ta aro ce, ana gama hoto za a mayar. To ke kuma kin tashi ƙarfe uku na dare da ɗan goyo a cinya da zanin barci kina auna kanki da wannan, ai kallon kitse kike yi wa rogo.

Kuma ki sani sana'a ce. Tun 2022 duk mai son yin talla a sinap ko TikTok a ƙasar nan sai ya yanki lasisin da ake cewa Mawsuƙ, riyal 15,000 na shekara uku. Wadda ta zuba wannan kuɗin ba don ta gaishe ki take fitowa ba, so take ki ji kin rasa wani abu ki saya. In kin yarda da fatarki wa zai sayi man?

Maganar halɗa kuwa, ki ji tsoron Allah ki ji tausayin fatarki. Hukumar Abinci da Magunguna ta ƙasar nan ta sha yin gargaɗi a kan irin haɗe-haɗen nan marasa rajista, ana samun zaiba a ciki, ita kuwa zaiba ƙoda take ci, kuma ke mai shayarwa ce. Wasu kotizon suke zubawa, wani maganin asibiti mai ƙarfi, shi ya sa hasken yake zuwa da sauri. Na ga ƙarshensu da idona, fata ta yi siriri kamar ledar burodi, jijiyoyi kore-kore sun fito a kumatu, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin fuska jawur, in rana ta taɓa su kamar an watsa barkono. Akwai amaryar da na kasa yi wa kwalliya don ko hoda na ɗora sai fatar ta ɗaye, uwarta na kuka ina kuka.

Facalarki kuma bar ni da ita, na san irinsu, duk biki sai sun sami wadda za su tsinka. Da zan ga wayarta na rantse miki ita ma filtar ce.

Nas Bilki, Jidda

Slm Maman Walid, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba zan iya ce miki ga ciwonki daga rubutu ba, sai likita ya zauna da ke, amma abin da kika lissafa ya yi kama sosai da ciwon damuwa, wanda a nan ake cewa ikti'ab. Yadda ake bambanta shi da ɓacin ran yau da gobe shine ya wuce mako biyu, kusan kullum, kusan duk wuni, mutum ya daina jin daɗin abin da da yake so, barci ya lalace, cin abinci ya canza, ga kasala ga ganin laifin kai. Ke wata biyar kika ce. Kuma ya biyo bayan haihuwa, wannan ma abin lura ne, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna faɗawa cikinsa. A duniya gaba ɗaya a 2023 ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 280, mata sun fi maza yawa. A nan Saudiyya ma binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa da aka fitar a 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku zai gamu da wata matsala irin wannan a rayuwarsa, kuma mafi yawan waɗanda abin ya yi wa tsanani ba sa zuwa neman magani. Saboda haka ba ke kaɗai ba ce, shiru kawai kowa yake yi don kar a ce ya haukace.

Tambayarki ta waya ce ko ciwo, ni a ganina su biyun suna ciyar da juna ne. Damuwa ta hana ki barci ki ɗau waya, waya ta cinye daren ta cika miki ido da matan da aka gyara, gari ya waye kin gaji kin tsani kanki, ba ki da ƙarfin fita ko ganin kowa, sai ki koma wayar. Rashin barcin nan shi kaɗai ya isa ya kayar da ƙato. In kika goge komai za ki sami sauƙi wataƙila, amma in ciwon ya riga ya zauna gogewa kaɗai ba za ta tashe shi ba, sai ki ga kin koma kallon silin maimakon waya.

Ki je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, mafi kusa da ke, ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mana, kar ki ce ciwon kai kawai kamar yadda matanmu suke yi a ba su Panadol su dawo. Ki roƙi a auna miki jini, ƙarancin jini da matsalar tayirod (wata halitta a gaban wuya) da ƙarancin bitamin D duk suna kawo kasala da mutuwar jiki, kuma bitamin D ɗin nan matan ƙasar nan da yawa ba su da isasshe duk da ranar da ake yi, don daga ɗaki sai mota sai ɗaki. In kina jin nauyin zuwa ki fara kiran 937, layin Ma'aikatar Lafiya ne dare da rana, akwai kuma manhajar Ƙaribun ta Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta ƙasa da ake tura tambaya. In an ba ki magani ki faɗa musu kina shayarwa, akwai wanda ya dace da mai goyo, kuma ba ya aiki rana ɗaya, yana ɗaukar mako biyu zuwa shida, kar ki sha kwana biyar kice bai yi ba, kar kuma ki yanke shi da kanki ranar da kika ji sauƙi. Wani ma ba a ba shi ƙwaya, zaman tattaunawa ake yi da shi.

Sai tambaya ɗaya, ki yi haƙuri da ita, aikina ne. Ya taɓa zo miki a rai cewa gara ki mutu, ko ki yi wa kanki ko yaron wani abu? In eh ne kar ki jira gobe, ki faɗa wa maigidanki ko wadda kika yarda da ita a kai ki sashen gaggawa yau.

Ɗan Baƙin Riyad

Ni fa na shigo ne ince kar a ɗauka na mata ne kaɗai, mu ma muna ciki tsundum sai dai namiji ba ya faɗa. Shekarata 41, kai abinci nake yi gida-gida, wayar ita ce aikina ita ce hutuna, tsakanin wannan oda da waccan ina zaune a mota ina ja. Rana ɗaya tak na tsaya na kalli bidiyon wani da ya je Turkiyya dashen gashi, don ni sanƙo ya cinye min rabin kai, wallahi daga ranar sai da TikTok ya mayar da ni kamar ba ni da wata matsala a duniya sai sanƙo, safe dashen gashi rana man gashi dare wani mai ƙirji kamar ƙofa yana ce min tumbi lalaci ne. Ashe abin yana lura da inda ka ɗan dakata ne, ko ba ka danna komai ba, sai ya yi ta ƙaro maka. Na sayi garin furotin riyal 280, na yanki jim na wata uku na je sau huɗu.

Abin dariyar ma nima ina yi wa wasu abin da ake min. Ran Juma'a in sa farar jallabiya da hula a rufe sanƙo, in tsotse ciki, in jingina da motar wani a gaban otel in ɗau hoto in sa a sitatus. Ƴan uwa a gida su gani su ce Alhaji ya faso gari, kafin la'asar saƙon neman taimako goma ya shigo, ni kuwa mu shida ne a ɗaki, ga kuɗin iƙama, takardar zama a ƙasa, na jirana. Wani abokina a Zariya ya taɓa ce min in ya ga hotona sai ya ji shi bai yi komai a rayuwa ba, mutumin da yake da gidan kansa yake kwana da iyalinsa kullum, ni shekara uku rabona da nawa. Ranar na ji kunya.

Abin da ya ɗan taimake ni, da dare na daina sa waya caji kusa da katifa, can kicin nake barinta, na sayi agogon ƙararrawa na riyal 15. Sanƙo dai yana nan.

Malam Sani, Madina

Ni ɗalibi ne ba likita ba, amma na ɗan bibiyi maganar nan. A 2018 an yi wani gwaji a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka da ɗalibai 143, aka raba su biyu, rabi aka bar su yadda suka saba, rabi aka ce minti 10 kacal a rana ga kowane ɗaya cikin Facebook da Instagram da Snapchat, har mako uku. Waɗanda aka taƙaita wa sun sami raguwar kaɗaici da damuwa, kuma waɗanda dama damuwar ta fi kamawa su suka fi ganin canji. Ki lura ba gogewa suka yi ba, ragewa ce. A 2021 kuma wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin har ta ba da shaida a majalisar dattawan Amurka, a ciki akwai binciken su da kansu da ya nuna cikin ƴan matan da dama ba sa jin daɗin jikinsu, kusan ɗaya cikin uku sun ce Instagram ƙara musu yake yi. Gaskiya ɗalibai ne da ƴan mata ba iyayen yara irinki ba, amma ido ai ido ne. Maganar hancin da ƴarki ta yi kuwa, tun 2018 wasu likitoci a Boston suka rubuta cewa mutane sun fara kawo musu hoton kansu mai filta suna cewa a yi musu tiyata su koma haka. Da can hoton wani ake kawowa, yanzu mutum da inuwarsa yake kishi. Ƙasar Nowe ma tun 2022 doka ta wajabta a sa tambari a jikin duk tallan da aka gyara jikin mutum a ciki.

Malam Abu Huzaifa, Allah ya saka da nasiha, amma ina da ja a kan "ba ciwo ba ne". Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Kuma Nana A'isha (RA) ta kasance tana sa a dama talbina, kunun sha'ir, a ba marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, ta ce ta ji Annabi (SAW) yana cewa tana sanyaya zuciyar marar lafiya tana rage baƙin ciki. Kaga an haɗa da abin da jiki zai sha kenan. Ta yi azkar ta yi ruƙya, ta kuma je asibiti, ba inda suka yi karo.

Ƴar Mai Wurno

Ƴar uwa na karanta naki ina dariya ina hawaye, don ni nawa a juye yake. Asalinmu Mai Wurno ne a Sudan kusa da Sinnar a bakin kogi, amma a Umdurman na yi aure, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya koro mu nan Jidda wajen yayana. Ke kina kuka an ce kin buɗe, ni a can kukana an ce na bushe. A wajenmu amarya sai da jiki, a zaunar da ita wata da watanni ana dukhan, wato turara jiki da hayaƙi, ana dilka ana ɗura mata kunun madiɗa, ni kuwa kamar sillan kara, gwaggona duk ta gan ni sai tace wa zai ɗauki wannan, dangin miji za su ce yunwa muke yi. Lokacin ko wayar kirki ba ni da ita. Wata ƙawata ta kai ni wani ɗan shago aka ƙirgo min ƙwayoyi a leda ba kwali ba takarda, najma ake ce musu, na ji a Kano sha ka fashe suke cewa irinsu. Wata uku na cika fam, fuska ta yi zagaye kamar faranti, kowa na cewa masha Allah. Ashe deksametazon ne, kotizon, ruwa ne da kitse yake tarawa a fuska da ciki da doron wuya, ƙafafu kuwa suna nan sirara. Cikina ya tsattsage da jan nankarwa tun ban haihu ba, barci ya ƙaurace, in yi ta faɗa ba dalili, daga baya aka ce sukari ya hau. Da na tsorata na watsar da su rana ɗaya, sai ga ni a asibiti ko tsayuwa ba na iya yi, likita yace ba a yanke shi haka, a hankali ake janyewa.

Abin da nake so ince miki, ba waya ce ta fara ba, bakin mutane ne, mu mata mu muke yi wa junanmu. Da can gwaggo sai ranar suna ko biki za ta faɗa miki ki dawo gida ki huta, yanzu gwaggon ce aka sa miki a aljihu, ba ta gajiya ba ta barci.

Ni ba zan iya goge komai ba, ta nan nake sanin wa ya rayu wa ya mutu a gida, mahaifiyata in an sami netwok take turo murya. Sai na bi ɗaya bayan ɗaya, duk wadda in na kalle ta nake jin ƙirjina ya yi nauyi na cire ta, ko ƴar uwa ce in rufe sitatus ɗinta ba tare da ta sani ba. Sun fi ɗari biyu. Kuma ki nemi mace ɗaya da za ku dinga fita tare ko zagaye unguwa ne bayan isha, ni da wata ƴar Nijar maƙwabciyarmu muke yi, rabin hirar gulma ce Allah ya yafe mana amma ina dawowa in yi barci.

Abu Huzaifa

Malam Sani na karɓi gyara, Allah ya ƙara ilimi. Ban hana ta asibiti ba. Amma ina nan a kan bakana cewa awa tara a waya ba abin da zai haifar sai sharri, kuma maigidan ma yana da laifi, ina yake har mata ta yi wata biyar a haka bai lura ba.

Maman Walid, Makka

Slm, ku yi haƙuri na yi shiru, mako uku kenan. Ngd ƙwarai, na karanta komai ya fi sau biyar. Anti Bilki amsar tambayarki, ban taɓa tunanin taɓa kaina ko yaron ba alhamdulillah, amma na sha cewa da zan kwanta in ƙi tashi da kowa ya huta, na faɗa wa likitar haka kamar yadda kika ce, ta ajiye biro ta juyo ta dube ni sosai. An auna jini, ya yi ƙasa, bitamin D ma haka, an ba ni magunguna an kuma tura ni wajen likitar ƙwaƙwalwa, na je sau ɗaya, ta ce ikti'ab ne. Surukata ba ta sani ba, ce mata muka yi asibitin ƙarin jini nake zuwa.

Malam kar ka ga laifin maigidana da yawa, da na nuna masa abin da na rubuta shiru ya yi ya daɗe, sai cewa ya yi shi duk zatonsa fushi nake yi da shi saboda bai canza mana gida ba. Ran Talata ya ajiye mota ya kai mu Harami bayan isha, ban iya ɗawafi ba don jiri, na zauna a sama ina kallo kawai.

Waya ta sauko awa 5, kwana biyu na koma 8 ranar da aka sa hotunan wani suna. TikTok na goge, Snapchat na kasa. Tawul ɗin yana kan madubi har yanzu amma na amsa kiran innata ta Kano haka nan ba komai a fuskata, tace ke lafiyarki kika rame, kun ji fa, wata tace na buɗe wata tace na rame. Ƴata kuwa ban san me zan ce mata ba, na dai ce hancin kakanta ne kuma shi aka fi so a gidanmu, tace to me ya sa ke kike rage naki.

Inna tambaya, na daina shafa halɗar kwana goma, yanzu fuskar ta yi ja tana ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje kuma ta fi da duhu, in koma ne ko yaya?

Inna Mai Lalle, Jidda

Kar ki koma da kanki ƴata, kar kuma ki sayi wani a kai. Wannan alamar akwai kotizon a ciki, fatar ce take neman abin da ta saba. Ki ɗauki robar yadda take ki kai wa likitan fata ya gani, shi zai san yadda za a janye miki a hankali, ki gaya masa kina shayarwa. Kafin nan ruwa da sabulu marar ƙamshi kawai, ban da dilka ban da goge-goge, ki guji rana. Duhun yana ɗaukar watanni kafin ya daidaita, kar ki tsorata. In biki ya taso kafin lokacin ki yi min magana ta akwati, akwai wata ɗiyata a unguwar Rusaifa nan Makka wajenku, hannunta da sauƙi.